Malam Zurfi a Cibiya

A sashen lissafi na wata kwaleji akwai wani malami da ba mai kiransa da sunan yanka, kowa Malam Zurfi yake ce masa, kuma da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. In ɗalibi ya ba da amsa daidai, sai ya taɓe baki ya ce, "Daidai ne, amma ba zurfi." In matarsa ta haɗa masa shayi, sai ya kurɓa ya ce da daɗi, amma ba zurfi. An ce ranar da likita ya leƙa masa kunne ma sai da ya gaya wa likitan bai shiga da zurfi ba.

Darasinsa shi ne aljabarar layi, wato lissafin kibiyoyi da matiris. Ga wanda Allah ya raba da wannan wahala, abin haka yake: a zana fili, a ɗiga ɗigo a tsakiya a kira shi cibiya, kowace kibiya daga cibiyar nan take tashi ta nufi wani wuri. Matiris kuwa ɗan akwatin lambobi ne da ke ba kibiyoyin umarni, wata ta juya su, wata ta miƙar da su, wata ta tauye su. Iyakar abin ke nan. Amma in ka ji Malam Zurfi na bayani a ɗakin malamai, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro abin ya ba duniya aro.

Ana nan sai Shugabar sashe ta kira shi ofis. Mace ce mai magana a hankali, irin wadda in ta yi maka murmushi sai ka fara tunanin laifinka.

"Malam, ɗalibanka suna cin jarrabawa," in ji ta, "amma jiya na tare ɗaya a baranda na ce, me matiris take yi? Ya ce, 'Hajiya, ana ninka ta.' Na ce in an ninka sai me? Ya ce, 'Sai a ba da maki.'"

"Wane ne? Ba ɗan ajina ba ne."

"Shi ya zo na biyu a ajinka. Wani Farfesa zai zo daga waje ya duba ko yaran nan sun fahimta ko hadda ce kawai. In bai gamsu ba, darasin zai koma hannun sabon Dakta, kai kuma ka koma ajin share fage."

Malam Zurfi ya gyara zama. Ajin share fage! Inda ake koya wa mutane rabi da kwata! Kuma a miƙa darasinsa ga sabon Dakta, wanda ko gemu bai gama fito masa ba. Amma bakinsa, kamar kullum, ya riga hankalinsa isa wurin.

"Hajiya, zurfi ake nema? Ai an zo gidansa. Jarrabawar takarda ta masu ƙaramin tunani ce. Ni zan auna fahimta da wata hanya da ba a taɓa gani ba. Farfesan nan da kansa zai roƙe ni in ba shi kwafi."

"Wace hanya ce?"

"Sirri ce tukuna," in ji shi, don shi ma bai sani ba.

Dabararsa ta farko ita ce goshi. Ya shiga aji ya sanar cewa mai tunani da zurfi a goshi ake gane shi, ya rubuta tambaya a allo, ya shiga bin layi yana leƙa fuskoki. Can baya ya tarar da wani ya yamutse fuska, ya dafe kunci, har idonsa ya kawo ruwa.

"Kun ga zurfi!" Malam ya daka tsawa. "Tashi ka gaya musu abin da ke damunka a tambayar nan."

"Malam, haƙori ne."

Washegari duk ajin suka zo a murtuke, kowa ya dafe kunci, sai ka ce an aiko musu da rasuwa. Shugaba ta leƙo ta taga, ta yi murmushin nan nata ta wuce. Malam ya soke dabarar goshi ba tare da ya yi sanarwa ba.

Dabara ta biyu a gida ta same shi. Gidan haya ne mai ɗakuna a kewaye, tsakar gida ɗaya, kuma a tsakiyar akwai dogon ƙarfe da kowane ɗaki ke ɗaura igiyar shanyarsa ya ja ta zuwa ƙofarsa. Malam yana zaune yana fifita da jarida sai idonsa ya sauka kan ƙarfen nan da igiyoyi suna fita ta ko'ina. Ya miƙe zumbur har kujera ta kife.

"Cibiya! Kibiyoyi!"

"Lafiya, Baban yara?" in ji matarsa, tana matse riga.

"Shekaru muna zaune da ilimi a tsakar gida kuna shanya masa zannuwa! Ɗalibai ne za su zama kibiyoyi, kowa ya riƙe igiya. A ɗaga matiris, wanda ya fahimta ƙafarsa za ta kai shi inda ya dace. Ƙafa ba ta hadda!"

Kafin ta buɗe baki ya hau kwance igiyoyi. Kayan mutane suka shiga zubowa ƙasa, jiƙaƙƙu da masu rabin bushewa. Tela, wanda ɗakinsa ke kusa da ƙofa, ya leƙo ta taga da allura a baki.

"Malam, tashi za ku yi daga gidan, ko mu za mu tashi?"

"Bincike nake yi."

"To binciken ya taka min farin yadin mutane."

Sai ga wata maƙwabciyarsu, Maman 'yan biyu, ta fito, hannu duk kumfa, ta ga fararen kayan makarantar 'ya'yanta kwance a bakin rariya. Ba ta yi ihu ba, wanda shi ne abin tsoron. Ta kama bakin igiyarta, Malam ya kama ɗaya bakin.

"Saki, Malam."

"Baiwar Allah, aron ilimi ne. Za a ambaci gidan nan a tarihi."

"Tarihi ne zai sake min wanki?"

Ya ja, ta ja. Tela, don son zaman lafiya ko don son kallo, ya miƙo mata almakashi ta taga. Ta datse igiyar a tsakiya, Malam ya yi baya taga-taga ya zauna daɓas cikin bahon matarsa. Ya tashi yana ɗiga, ya naɗe guntuwar igiyar ya haɗa da sauran, ya ce ai dama gajera yake nema.

Da ya shiga ɗaki canja wando, matarsa ta biyo shi.

"Su igiyoyin a jikin me za ka ɗaura a can? Akwai ƙarfe?"

"Ƙarfe? A gaban Farfesa in ba ƙarfe matsayi mafi girma? Ni ne cibiya. Ki sani, duk matiris ɗin duniya ba wadda ke iya motsa cibiya. Kowa zai yi ta gudu, ni ina tsaye."

"To ko ma dai mene ne, kada ka ɗaura a bel ɗin wandon nan. Maɓallinsa da addu'a yake riƙe."

"Ke dai ba ki da zurfi," in ji shi.

Ranar zuwan Farfesa, aka share filin ƙwallon kwando da ke bayan sashe, aka zana layuka da alli. Labari ya riga ya zagaya, don Malam bai bar kowa ba, har mai gadi sai da ya gayyata. Malamai suka jeru a benci, ɗaliban wasu sassa suka ɗare katanga. Sabon Dakta ya zo da kujerarsa ya zauna a gaba, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Farfesa ɗan tsoho ne siriri, yana zaune gefen Shugaba da allo ƙarami a cinya.

Malam ya fito cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita, wadda ta daina rufuwa tun haihuwar ɗansu na biyu. Ya tsaya a kan ɗigon tsakiya, ya sa aka ɗaura igiyoyin a bel ɗinsa, gaba da baya da gefe. Mazan ajin, ƙarti majiya ƙarfi, kowa ya kama bakin igiya ya tsaya a wurinsa, ragowar igiyar a naɗe a hannu. Matan ajin kuwa aka ba su aikin ɗaga allo da lissafa inda kowa zai koma, ƙarƙashin Monita, wata mai tabarau da ba ta san wasa ba. Guntuwar igiyar Maman 'yan biyu ta faɗa hannun wani ƙato da ake kira Tanka, wanda in ya shigo aji sai haske ya ragu.

"Ranka ya daɗe," Malam ya ce da ƙarfi don na kan katanga su ji, "yau za ka ga fahimta da idonka. Rubuta duk matiris ɗin da ka ga dama. Abu ɗaya kawai zan roƙa, ka sa min ido. Cibiya ba ta motsi."

Farfesa ya rubuta matiris, Monita ta ɗaga.

"Ninki biyu ce!" ta sanar. "Kowa ya ninka nisansa daga cibiya, kada ya sauya hanya!"

Ɗalibai suka shiga ja da baya suna warware igiya. Ta kowa ta isa, ban da ta Tanka. Shi kuwa lissafinsa ya nuna masa layin da zai tsaya, kuma bai ga dalilin da igiya za ta hana shi ba. Ya ci gaba da tafiya. Malam ya turje, takalminsa ya yi ƙiii a kan siminti, ya bi Tanka kamar akuyar da ba ta son kasuwa.

"Malam," Farfesa ya yi maganarsa ta farko, "kamar cibiya ta motsa."

"Ba ni ba ne, ranka ya daɗe, filin ne ba a daidaita shi ba. Kai Tanka, dan Allah dawo!"

"Malam, ninki biyu aka ce. In na dawo na faɗi."

"In ba ka dawo ba ni zan faɗi!"

Na kan katanga suka fashe da dariya. Aka mayar da kowa wurinsa, aka mayar da cibiya kan ɗigonta tana haki. Maɓallin wando ya yi wata 'yar ƙara, Malam ya sa hannu ya dafe ya yi kamar ƙugu ya riƙe don isa.

Farfesa ya goge allo ya sake rubutu.

"Juyi ce, kwatan da'ira zuwa hagu!" in ji Monita.

Ƙarti suka zagaya, kowa ya tsaya daidai. Abin ya yi kyau, har Farfesa ya gyaɗa kai. Ya tambayi wani dogo abin da zai faru in aka maimaita ta sau huɗu.

"Kowa zai dawo inda ya tashi, ranka ya daɗe."

"Ku nuna masa!" Malam ya ce, bakinsa har kunne. "Kai, ku yi ta maimaitawa, ya ga ba sa'a ba ce!"

Suka kama zagaye da gudu. Da Malam ya juya tare da su da ba abin da zai faru, amma ya riga ya gaya wa duniya cibiya ba ta motsi, don haka ya ƙame. Igiyoyi suka shiga naɗe shi, suka haɗa da hannun da ke dafe da wando, suka haɗa da kwat, suka hau har ƙirji. Kafin Monita ta ce a tsaya, Malam ya koma kamar ƙwaryar zare a keken Tela, kai kawai ake gani.

"Haka aka tsara?" in ji Shugaba.

"Haka aka tsara, Hajiya," ya ce da ƙyar. "Yanzu za a ga darasi na gaba. Monita, wace matiris ce ke warware wannan?"

"Juyi zuwa dama, Malam."

Suka zagaya ta ɗaya hannun, igiyoyi suka saki, numfashi ya dawo masa. Aka yi tafi, har da mai gadi. To, a nan ne ya kamata mutum mai hankali ya yi godiya ya sallami taro. Amma tafi ga Malam Zurfi kamar fetur ne ga wuta. Ya buɗe ƙirji ya juya ga bencin malamai, musamman ga sabon Dakta.

"Kun gani? Wannan shi ne zurfi! Ba abin da matiris za ta ɗaura da wata matiris ba za ta kwance ba. Kowace matiris tana da mai warware ta. Kowace!"

Monita ta ɗaga hannu. "Malam, ba kowace ba, ai akwai..."

"Ke riƙe allo aka sa ki."

Farfesa ya ɗaga gira ɗaya. Ya goge allonsa a tsanake, ya zana sifiri, ya zana wani a gefensa, ya zana biyu a ƙasa, ya miƙa. Monita ta duba allo, ta duba Malam, ta duba Tanka.

"Malam, ka tabbata?"

"Karanta!"

"Matiris ɗin sifiri ce. Kowace kibiya ta koma cibiya."

Malam ya buɗe baki zai ce wani abu, amma ƙafa ba ta hadda, kamar yadda ya faɗa da kansa. Daga gabas da yamma, kudu da arewa, ƙarti suka rugo, kowa na son Farfesa ya ga shi ya fara isa. Na farko ya rungume shi, na biyu ya hau na farko, ƙafafu suka sarƙe da igiya, aka zube gaba ɗaya. Tanka, da yake nauyi ya hana shi sauri, shi ya zo ƙarshe ya kwanta a sama. Wani abu ya yi fit ya tashi sama ya faɗo gaban Shugaba. Maɓallin wando ne.

Daga ƙarƙashin tulin aka ji wata 'yar murya.

"Ku warware! Monita, mai warwarewa!"

"Babu, Malam."

"Kamar yaya babu? Nemo ta!"

Farfesa ya taso, ya zo gefen tulin ya tsuguna, ya tambayi wani ɗalibi wanda kansa ya leƙo ta ƙarƙashin hammatar Tanka, me ya sa babu.

"Ranka ya daɗe," in ji ɗalibin yana nishi, "ɗazu da aka juya mu, kowa yana da wurinsa daban, shi ya sa aka san inda za a mayar da shi. Yanzu duk muna wuri ɗaya. Matiris ba ta san sunan kowa ba, wuri kawai take gani. Ta yaya za ta tura ni gabas ta tura Tanka yamma?"

"Madalla," in ji Farfesa. Wannan ɗalibin kuwa shi ne wanda ya ce wa Shugaba in an ninka sai a ba da maki.

"To ku ninka biyu!" muryar ƙasa ta ce. "Ku ja da baya!"

"Malam, nisanmu sifiri ne," in ji Tanka daga sama. "Sifiri sau biyu sifiri ne." Ya gyara kwanciya.

"Ninki goma! Ninki ɗari!"

"Duk ɗaya ne, Malam."

"To ku juya, 'yan banza, ku juya!"

Wannan kam umarni ne da za a iya bi. Tulin ya juya a inda yake, kwatan da'ira zuwa hagu, da Malam a ƙasa. Aka ji ƙarar yagewar kwat ɗin aure daga kafaɗa zuwa ƙugu. Wani ɗalibi ya faɗo daga katanga don dariya. Sabon Dakta ya sa hankici a baki, kafaɗunsa sai rawa suke.

"Malam, kai ka koya mana," wata murya ta ce daga tsakiyar tulin, cike da ladabi, "ba matiris ɗin da ke motsa cibiya. Duk wadda ka kira, a nan za ta bar mu."

"Na janye! Wallahi na janye!"

Shugaba ta bari sai da Farfesa ya gama yi wa kawunan da ke leƙowa tambayoyi, kowa yana amsawa tiryan-tiryan, sannan ta tafa hannu ta ce jarrabawa ta ƙare. Nan take kowa ya tashi yana kaɗe riga. Aka ɗago Malam, hannu biyu riƙe da wando, alli har cikin gira, takalmi ɗaya ya ɓace. Duk da haka ya yi ta maza ya dubi Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ka ga zurfi?"

"Na gani. Ban taɓa ganin ajin da ya fahimci abin nan haka ba. Mutum ɗaya ne kawai a filin nan ya nemi mai warware sifiri."

Hukunci bai ɗau lokaci ba. Shugaba ta kira shi ofis, ta miƙa masa maɓallinsa, ta yi murmushi. Darasin ya koma hannun sabon Dakta, Malam ya koma ajin share fage. Sai dai Farfesa ya yaba da dabarar igiya ƙwarai, ya ba da shawarar a riƙa yin ta a ƙarshen kowane zango, ga kowane aji. Dakta ya ce shi zai riƙa rubuta matiris. Saura wanda zai tsaya a tsakiya.

"Hajiya, ai ana iya kafa ƙarfe," in ji Malam a hankali.

"Ƙarfe, Malam? Kai ka ce wa duk ɗakin malamai matsayin ya fi ƙarfin ƙarfe."

Da yamma ya shigo gida da igiyoyi a kafaɗa, bayan kwat a buɗe. Maman 'yan biyu ta karɓi guntuwarta. Tela ya leƙo, ya dubi kwat ɗin, ya ce shi ɗinki yake yi, ba ya tayar da matattu. Malam ya wuce ɗaki, ya zauna a hankali saboda haƙarƙari, ya miƙa wa matarsa maɓalli.

"Yaya aka ƙare, Baban yara?"

"An ɗaukaka ni. An nemi wanda zai riƙa tsayawa a cibiya, duk sashen aka duba, malamai da daktoci, ba a samu kowa ba sai ni."

"Ai ba za a samu ba," in ji ta. Ta zura zare a allura, ta ninka shi biyu, ta dube shi, ta sake ninkawa.